Minti Goma Sha Uku na Ruɗuba

Wafa' ta karanta sharhin farko a tsaye a bayan kantar shagon gilashin ido da take aiki a unguwar Aziziyya ta Jidda. Wani dattijo yana gaban madubi yana gwada firam na shida lokacin da wayarta ta yi ƙara. Yazan ne, mai kaɗa jita a ƙungiyarsu ta kiɗa, Ruɗuba, inda ita take rerawa tana kaɗa jitar bes mai kaurin sauti. Bai rubuta ko sallama ba, adireshin shafin kawai ya turo.

Saif ne ya yi sharhin. Duk mai bin kiɗan matasa a ƙasar ya san alƙalaminsa, kuma shi ne shekara biyu da suka wuce ya fara yabon faifan Ruɗuba na farko. A lokacin ya ce bai taɓa jin wata ƙungiya a Jidda da ta riƙe kiɗan post-punk da hannu biyu kamar su ba: bes a gaba tana gurnani, ganga a bushe ba ƙyale-ƙyale, jita tana yanka kamar bakin gwangwani. Yabon nan ne ya fito da su uku daga ɗakin ajiyar kaya na gidansu Wafa' a Bani Malik, ya kai su dandamali a Riyad da Dubai.

Wannan karon ga abin da ya rubuta: "Waƙa huɗu, minti goma sha uku. Mun yi shekara biyu muna jira, aka miƙo mana abin da bai kai jiran layin shawarma ba." Ya ce ukun farko ba laifi, sai dai kafin mutum ya gyara zama sun ƙare. Ta huɗun kuma, wadda aka rera da wani yaren Afirka, ado ce kawai, domin ko wanda bai jin yaren zai gane mawaƙiyar ba ta sake da shi ba. Ya ba su biyar cikin goma.

"Ya binti, wannan ya yi mini?" in ji dattijon.

Wafa' ta kife wayar, ta dube shi sosai, ta ce, "Ya yi maka, ya ammi. Shi za ka ɗauka."

Gajartar faifan ba haɗari ba ne, aikinta ne. Waƙa tara suka naɗa a wani sitidiyo a Safa. Ta yi mako guda tana sauraronsu a mota tsakanin gida da shago, har ta tabbatar cewa biyar daga ciki kayan faifan farko suka ara suka saka. Ta ce a ajiye su. Yazan ya yi kwana bakwai yana gardama, domin biyu daga cikin biyar ɗin shi ya tsara su. Yayanta Nayef, mai kaɗa ganga, wanda kan yi yini bai furta jimla goma ba, ya saurari kowa sannan ya ce, "Huɗun sun isa." Da haka aka rufe maganar.

Ta huɗun sunanta "Aslan", wato "asali" da Larabci. Ta samo ta ne daga tambayar da aka yi mata tun tana firamare, aka yi mata a jami'a, aka kuma yi mata ranar da ta zo neman aiki: ke asali daga ina? Wafa' a Jidda aka haife ta, a Jidda aka haifi mahaifiyarta Rabi'atu. Kakanninsu ne suka taso daga Haɗeja don aikin Hajji, suka zauna. Hausa tana jinta tas, amma idan ta buɗe baki sai Larabci ya riga ta fitowa. A gida Ummi takan yi mata magana da Hausa, ita ta amsa da Larabci, kuma ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a ciki. Waƙar ce karo na farko da ta tsaya ta jera Hausa da kanta, layi bayan layi, ba ta nemi kowa ya duba mata ba.

Da yamma suka haɗu a ɗakin ajiyar kayan, tsakanin tsohon injin wanki da katifun baƙi da aka jingina a bango don su tare ƙara. Yazan ko jitarsa bai ciro daga jaka ba.

"Ba zan ce na gaya miki ba," ya ce.

"Ka riga ka ce."

"Biyar ɗin suna nan, an gama haɗa su. Mu sake su ranar Alhamis, mu ce faifan ne cikakke. Kowa yana yin haka."

"Don Saif ya ƙara mana maki biyu?"

"Don kada a ce mun ƙare, Wafa'. Mutumin nan shi ya buɗe mana ƙofa."

"Halas, an gama, Yazan. Abin da muka saki shi muka saki."

Ta faɗa da ƙarfi, amma da suka fara gwaji ta tsallake "Aslan". Nayef ya lura, ya ɗaga gira. Maganar minti goma sha uku ba ta dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne maganar ado, domin tana tsoron gaskiya ce. Ta tuna yadda 'yan'uwa masu zuwa Umra daga Najeriya kan yi murmushi idan ta gaishe su, su ce ta sake faɗa su ji.

Kwana uku bayan haka wata mace ta shigo shagon gab da azahar. Za ta kai shekara hamsin, doguwa, da ɗankwalin atamfa a ƙarƙashin mayafinta. Ba ta kalli gilasan ba. Ta taho kai tsaye wurin kanta ta yi sallama da Hausa.

"Ke ce Wafa' ta Ruɗuba? Sunana Haoua. 'Yar Damagaram ce ni, ina aikin tafinta a nan shekara tara. Ina kuma rubuta sharhin kiɗa a wata mujalla ta Yamai. Wanda ya naɗa muku faifan ne ya kwatanta mini nan."

Wafa' ta amsa da Larabci cewa ita ce, ta jawo mata kujera.

Haoua ta ciro takarda daga jaka ta shimfiɗa a kan gilashin kanta. Baitocin "Aslan" ne gaba ɗaya, ta rubuta su da biro daga sauraro, ta ja layi a ƙarƙashin wurare uku. Ta ɗora yatsa a kan na farko.

"Bon. A nan kin ce, garin ta san ni, ni ma na san ta. Da gangan ne?"

"Me ya faru da shi, Ustaza?"

"Gari namiji ne. A wurinmu sai a ce garin ya san ni."

Wafa' ta sunkuyar da kai. Ashe a amshin waƙar ma, wurin da ta maimaita sau takwas, kuskuren yake. Ta yi ƙoƙari ta amsa da Hausa, kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya.

"Ba da gangan ba. Haka muke faɗi a gida. Ummi ma haka take faɗi, da ƙawayenta duka. Ya'ani, ban san ba daidai ba ne. Zan iya sake naɗawa."

"Kada ki taɓa shi," in ji Haoua. "Abin da na zo ji ke nan. Na so in tabbatar ba ke kaɗai ba ce." Ta ninke takardar. "Shekara tara ina jin wannan Hausar a kasuwa da asibiti da gidajen biki. Ban taɓa jin ta a faifai ba. Ki ba ni ruwa in sha, sannan ki gaya mini wa ya koya miki riƙe bes haka."

Suka yi kusan awa guda. Haoua ta tambayi komai: me ya sa huɗu, me ya sa gangar ba ta canzawa a waƙa ta uku, me Ruɗuba ke nufi a wurinsu. Wafa' ta ce sunan damshin nan ne na Jidda da ke manne wa mutum riga a baya tun kafin ya kai mota, wanda baƙo ke kuka da shi, ɗan gari kuma ya daina lura. Haoua ta rubuta wannan ma.

Sharhin ya fito ranar Asabar, da Faransanci da Hausa, kafin yamma wani ya juya shi Larabci. Ba yabo zalla ba ne. Ta ce waƙa ta biyu ita ce mai rauni, jitar ta cika surutu a wurin da ya kamata ta yi shiru. Amma game da tsawon faifan ta rubuta: "Sun faɗi abin da suka zo faɗa, suka tashi. Na saurare shi sau goma sha ɗaya ban sami daƙiƙar da zan cire ba sai a waƙa ta biyu." Game da "Aslan" kuma ta ce: "Malamin nahawu zai ja mata jan biro. Ni ba zan ja ba. A Larabci birni mace ce, Jidda ma mace ce, sai yarinyar nan ta ɗauko garinta da jinsinsa na Larabci ta zaunar da shi a tsakiyar Hausa. Haka dubban mutane ke magana a Jidda da Makka da Madina, jikokin waɗanda suka zo Hajji suka zauna. Wanda ya kira wannan ado bai san cewa harshen ɗan gida ne a nan ba."

Wafa' ta karanta wa Ummi a kicin, Ummi tana yanka kuɓewa. Da ta kai ƙarshe Rabi'atu ta ajiye wuƙar ta ce, "To da yaya ake cewa?"

"Garin ya san ni."

Rabi'atu ta gwada a bakinta sau biyu, ta girgiza kai. "Bai yi daɗi ba," ta ce, ta ci gaba da yankanta.

Daga ranar wayar Wafa' ba ta huta ba. Saƙonnin murya suka riƙa shigowa daga mutanen da ba ta sani ba. Wani direban motar asibiti a Makka ya ce ya tsaya a gefen titi ya saurara har ƙarshe. Wata malamar makaranta a Madina ta ce 'ya'yanta, waɗanda suke jin kunyar yin Hausa a waje, sun yini suna rera amshin a tsakar gida. Saƙonni suka zo daga Umdurman, daga Injamena, daga Kano, yawancinsu da irin Hausar nan mai ɗauke da Larabci a baya. Masu sharhi ma suka biyo. Wata mujalla a Beirut ta ba su takwas, ta ce faifan ya fi na farko ƙarfin hali. Wasu mata biyu masu shirin kiɗa a Alƙahira suka yi rabin awa suna musu a kansa, ɗaya tana cewa ya yi gajarta, ɗaya tana cewa ita kam ta gaji da faifan awa guda da ba a tuna komai a cikinsa. Yazan ya karanta maganar waƙa ta biyu ya yi fushi kwana ɗaya. Washegari ya zo gwaji ya rage rabin abin da yake kaɗawa a cikinta, ba wanda ya ce masa ya rage.

A watan Janairu aka gayyace su wasa a farfajiyar wani tsohon gida a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ranar Juma'a bayan la'asar. Masu shirin sun ba kowace ƙungiya minti talatin. Suka tsara za su fara da sababbin huɗu, su cike da uku daga faifan farko, waɗanda mutane suka sani.

Da Wafa' ta leƙo daga bayan labule sai ta ga farfajiyar ba kamar yadda ta saba ba. 'Yan baƙaƙen riguna masu zuwa kowane wasa suna nan a gaba. Amma a bayansu akwai magidanta da fararen tufafin Juma'a, da 'yan mata rukuni-rukuni, da ma'aikata 'yan Nijar da Chadi da suka zo daga wuraren aikinsu. A gefe ɗaya, a kan kujerun roba, Ummi ce da ƙawayenta huɗu, kowace da jakarta a cinya kamar masu jiran likita. Ummi ba ta taɓa zuwa wasansu ba. Haoua tana zaune kusa da su. Can jikin ginshiƙi kuma wani siririn mutum mai furfura a gemu ya harɗe hannu.

"Saif ne," in ji Yazan a kunnenta.

"Na gan shi. Yalla."

Nayef ya buga sandunansa sau huɗu suka shiga. Bes ɗin ta cika farfajiyar, ta hau bangon dutsen, har katakon tagogin sama yana rawa. Ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce a tsuke ba surutu, ta uku ta sa 'yan gaba suka fara tsalle. Wafa' ba ta kalli ɓangaren ginshiƙin ba. Da suka zo ta huɗu Yazan ya ɗauke hannu daga jita kamar yadda aka tsara, ya rage daga ganga sai bes sai muryarta. Ta rera baitin farko idonta a rufe. Da ta kai amshi sai ta ji ba ita kaɗai ba ce.

Garin ta san ni, ni ma na san ta.

Daga baya abin ya taso, daga wurin magidanta da 'yan matan, ya gangaro gaba. 'Yan baƙaƙen rigunan da ba su jin ko kalma ɗaya suka waiwaya, suka saurara, a zagaye na uku suka kama. Wafa' ta buɗe ido. Wani ƙaton mutum da rigar kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki yana rerawa yana share fuska da bayan hannu. Ƙawayen Ummi suna tafi a kan bugun Nayef daidai. Ta ja baya daga makirfo ta bar musu, ta riƙe bes ɗin kawai, suka kai amshin ƙarshe da kansu.

Da aka yi tsit ta matso don ta sanar da tsohuwar waƙa. Kafin ta yi magana wata murya ta ce daga baya, "A sake." Wani ya faɗa da Larabci, daga farko. Nan da nan farfajiyar ta ɗauka, Hausa da Larabci a haɗe. Wafa' ta juya ta dubi Nayef, Nayef ya dubi Yazan. Uku na tsohon faifan Yazan ne ya zaɓe su, ya kwana biyu yana gyara su. Ya taka fedar jitarsa, ya fara kaɗa buɗewar waƙar farko ta sabon faifan.

Suka sake minti goma sha ukun daga farko har ƙarshe. Karo na biyu ya fi na farko zafi, Nayef ya karya sanda ɗaya a waƙa ta uku ya ɗauko wata bai rasa bugu ba. Suka sauka da saura minti huɗu a lokacinsu, rigunansu sharkaf, ana shirin kiran magariba.

Tana naɗe wayar bes Saif ya iso. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tsaya gabanta.

"Har yanzu ina ganin ya yi gajarta," ya ce.

"Shi ya sa muka yi maka sau biyu, Ustaz."

Ya yi dariya har ya dafa amfilifaya. Sannan ya tambaye ta ma'anar amshin, ta fassara masa. Ya dubi mutanen da ke fita ta ƙaramar ƙofar, wasunsu har yanzu suna rerawa ƙasa-ƙasa.

"A Jidda aka haife ni," ya ce. "Na yi makaranta da 'ya'yan gidan Hausawi da na gidan Fallata, na ci abinci a gidajensu. Ban taɓa tambayar sunan yaren da iyayensu mata ke yi a kicin ba. Makin ba zan canza ba, ra'ayina ne. Amma kalmar ado kuskure ce, kuma zan rubuta cewa kuskure ce da sunana."

"Ya isa," in ji Wafa'.

Mota ba ta shiga lungunan Balad, don haka bayan salla sai da suka ɗauki kayan a hannu zuwa bakin titi. Mutane suka yi ta karɓa. Mai rigar kamfanin ya saɓa babbar ganga a kafaɗa, wasu 'yan mata suka raba ƙarafan ganguna, Haoua ta riƙe jakar wayoyi tana tafe tana yi wa Yazan bayanin abin da ya gyaru a waƙa ta biyu. Ummi ta jero da Wafa' a baya, tana takawa a hankali saboda gwiwarta.

"Ihun ya yi yawa," ta ce. "Amma na ji kowace kalma."

A bakin titi Ummi ta umarci Nayef ya fara sauke ƙawayenta kafin kayan. Haka suka cusa kansu a motar, mata biyar da ganguna da amfilifaya biyu, Wafa' a tsakiya ta rungume bes ɗinta a tsaye tsakanin gwiwoyi. Kafin su kai Bani Malik an fasa maganar sauke kowa, matan sun koma gardamar inda ake gasa tsire mafi kyau a garin, kowace tana nuna wa Nayef hanya daban.